Kada Ka Sayo Mini Gidan Bayan Tasha

Babana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah ya kai ka Tchirozérine lafiya, ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe da sharrin mutum. Allah ya sa wa aikin da za ka kama albarka, ya haɗa ka da shugabanni masu tausayi da abokan zama na gari.

Na ba mahaifiyarka wannan takarda ta sa maka a jaka, don ka karanta bayan mota ta bar Arlit. Kai ɗan fari ne, ga sunan mahaifina a kanka, ka kuwa san ban taɓa iya zaunar da kai in yi maka doguwar magana ido da ido ba. Ka yi haƙuri da rubutun direba, hannun ya fi sabawa da sitiyari.

Mahaifiyarka ta faɗa mini abin da kake shiryawa. Kada ka ji haushinta, ni na matsa mata. Ta ce ka ji an sa tsohon gidanmu na bayan tasha a kasuwa, har ka je ka tambayi kuɗinsa, kuma kana jira albashinka ya yi wata uku yana shiga banki ka je ka ci bashi ka sayo mana shi. Ba zan ɓoye maka ba, na ji daɗi, har sai da na fita ƙofar gida don kada ta ga fuskata. Amma amsata a'a ce. Lokacin da aka karɓe gidan nan shekarunka goma sha uku, ƙarshen labarin kawai ka gani. Bari in ba ka farkonsa.

Na zo Arlit daga Mirriya ina saurayi, ba ni da komai sai takardar tuƙi. Kamfanin haƙar ma'adinai ya ɗauke ni ina jan manyan motocin da ke kwaso dutse daga rami. Aka ba ni gida a unguwar ma'aikata, ruwa kyauta, wuta kyauta, asibiti kyauta. Ni da na taso ina jan guga a rijiya mai gaba goma, sai ga ni ina barin famfo a buɗe ina goge takalmi. Shekara goma sha biyu na yi a gidan nan, ban taɓa tsayawa na tuna cewa ko ƙusar da na rataye riga a kanta ba tawa ba ce. Albashi yana zuwa yana tafiya: babur, rediyo, nama kullum, da rabon kuɗi in na je gida da salla don a ce ɗan Arlit ya zo. Abokan aikina masu hankali suna aika buhun siminti garuruwansu kaɗan-kaɗan, ni ina yi musu dariya ina cewa sun mai da kansu tsofaffi tun ba a je ko'ina ba. Da a ce na ajiye ko kashi ɗaya cikin goma, da ban taɓa taka ƙofar banki neman bashi ba.

To kai ma za su ba ka ɗaki a can. Ka kwana a ciki, ka share shi, ka gode, amma ka riƙa tuna cewa ranar da aiki ya ƙare mabuɗin zai koma hannun masu shi. Tun albashin farko ka ware wani abu ka manta da shi.

Da aka fara raɗe-raɗin rage ma'aikata ne hankalina ya dawo jikina, na ce ya kamata in mallaki gida. Lokacin wani ma'aikacin banki mai suna Laminu yana zuwa bakin ƙofar kamfani ranar albashi, ya kafa teburi a inuwa. Da ya ji maganata sai ya ɗago kai.

"Kai ɗan ina ne?"

Na ce Mirriya.

"Kai! Ai kakata 'yar can ce. Zauna, ɗan uwa, zauna."

Ka san yadda abin yake a garin nan. Kowa baƙo ne, kowa ya baro nasa can nesa, in ka ji wanda ya san sunan unguwarku sai ka ji kamar ciki ɗaya kuka fito. Ya ce ai albashina ta hannunsu yake bi, za su riƙa cire ɗan wani abu duk wata, ba ma zan ji ba. Ga gidan siminti mai ɗaki huɗu a bayan tasha, wani ɗan kasuwa zai koma Maraɗi yana neman mai saye. Takardar gidan za ta zauna wurin banki har in gama biya. Ya miƙo mini takardu shafi goma sha biyu, duk da Faransanci. Faransancina kuwa na hanya ne: na san tsaya, na san wuce, na kan gane in jandarma yana zagina. Amma kunya ta hana ni in ce wa ɗan garinmu ban iya karanta wannan ba, bari in kai wa wani ya duba mini. Na ga kamar zai ce ban yarda da shi ba. Tambaya ɗaya kawai na yi.

"In aiki ya tsaya fa?"

Ya yi dariya. "Dutsen Arlit ne zai ƙare? In ma ya ƙare, ga sabon ramin Imouraren nan tafe, direbobi ma sai an yi rububinsu."

Ni ma na yi dariya. Yana ɗora yatsa ina sa hannu, har shafi na ƙarshe. Na tashi ko kwafi ɗaya ban karɓa ba. Maganar riba kuwa, malamai sun faɗa a masallaci, na ji da kunnena, na yi kamar da wani suke.

Babana, duk takardar da aka ce ka sa wa hannu, ka ce a ba ka ka tafi da ita gida. Ka karanta, in akwai layin da bai shige ka ba ka kai wa wanda ba shi da riba ko asara a ciki. Kai ka yi lakwal, ka san boko, Faransancinka ya fi nawa nesa ba kusa ba, amma yaren takardun banki daban ne, kada girman kai ya yi maka abin da kunya ta yi mini. Wanda ya ƙi ba ka takarda ka tafi da ita, ka bar masa kayansa. Kuma in mutum yana bayan teburin aiki, ma'aikaci ne, ko da kakarsa da taka ruwan rijiya ɗaya suka sha. Ka gaishe shi da ladabi, ka tambayi mutanen gida, sannan ka karanta takardar.

A cikin shafukan nan akwai layi ɗaya na adireshi. Ka san gidajen garin nan ba su da lamba. Mu ma'aikata duka akwatin gidan waya na kamfani muke bayarwa. Wasiƙun gida, takardun makaranta, komai can yake zuwa, masinja ya kwaso ya rarraba mana a gareji. Laminu bai ma tambaye ni ba, ya rubuta lambar akwatin da kansa, na gyaɗa kai. Wannan layin shi ya ci gidan.

Shekara shida ina biya, ban tsallake wata ko ɗaya ba. Sai aka rufe ɓangarenmu, aka sallame mu, aka karɓe katin shiga. Da kuɗin sallama na biya wasu watanni, sauran muka ci. Da suka ƙare na je wurin Laminu har sau biyu na gaya masa halin da nake ciki. Ya sa aka kawo mini shayi.

"Kada ka damu, ɗan uwa. Duk mun san abin da ya samu garin nan. Je ka nemi aiki, in ka samu sai mu sake lissafi."

Na fito hankalina kwance, ban ce ya rubuta mini ko layi biyu ba. Imouraren da muke ta hange ba ta buɗe ba. Na bi masu haƙar zinariya can arewa ina tuƙa musu tankar ruwa, wata tara a wurin da waya ba ta shiga sai ka hau dutse. A cikin watannin nan banki ya rubuta mini gargaɗi har sau uku. Ina suka aika? Akwatin kamfanin da ya sallame ni, wanda ko ƙofarsa ba ni da ikon shiga. Sun san an sallame ni, don a hannunsu albashin ya tsaya, kuma ni da bakina na faɗa musu. Suna da lambar wayata. Gidan da suke shirin karɓewa sun san inda yake, tafiyar minti goma ce daga biro ɗinsu, wato ofishinsu. Doka ta ce su sanar da ni, sai suka sanar da akwati.

Don haka ka ji da kyau. Kada ka taɓa ba da adireshin wurin aikinka a kan abin da ya shafi gidanka ko bashinka. In ka canza wuri, ka rubuta ka kai musu, su buga hatimi a kan kwafinka. Duk alkawarin da aka yi maka a biro, ka ce a rubuta. In mutum ya ce "haba, ba ka yarda da ni ba ne?" ka ce ka yarda da shi, amma gobe ana iya canza masa gari.

Kuskuren da ya fi yi mini ciwo ba na banki ba ne. Mahaifiyarka ba ta san da bashin nan ba. Na bar ta tana zaton da ajiyata na sayi gidan, don na ɗauka maganar kuɗi ta maza ce, kuma ina son ta riƙa kallona a matsayin wanda ya iya. Ranar da ma'aikacin kotu ya zo da takarda, ina can daji, ta kawo masa ruwa ta ce ya yi ɓatan kai, gidan nan na mijinta ne, ba a bin mu ko dala. Mutumin ya karanta mata sunana da sunan mahaifina. Da ta sani tun farko, da duk wata sai ta taka zuwa bankin nan ta tambaya, ka san halinta. Tana da awaki, tana da 'yan kunne na zinariya, tana cikin adashi. Da an toshe ramin tun yana ƙarami. Na dawo na tarar an riga an yi gwanjon gidan, an ba mu kwanakin tashi. Ba ta yi kuka a gabana ba, ba ta ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi:

"Malam, ashe shekara shida ina shara a gidan mutane ban sani ba?"

In Allah ya kai ka ga aure, duk abin da zai iya fitar da matarka daga ɗakinta, tana da haƙƙin ta san shi tun ranar farko.

Bayan nan muka koma haya, ka tuna. Shekara biyu na yi bakina a rufe. Duk wanda ya yi mini jaje sai in ce haka Allah ya ƙaddara. Gaskiya ne, amma ba tawakkali ne ya rufe mini baki ba, kunya ce. Ko hanyar bankin ba na bi.

Agali ne ya tashe ni. Ka san shi, Buzun nan na wajen Dannet da ya yi aikin sakatare a kamfani, wanda yanzu yake da lambu a bakin gari. Ina kai masa taki da mota, wata rana muna shan shayi sai ya tambaye ni nawa aka sayar da gidan. Na ce ban sani ba. Ya ce bashin nawa ya rage? Na ce ban sani daidai ba. Ya ajiye butar shayin ya dube ni.

"Kai, raƙumi ma in an sayar, mai shi yana tambaya nawa ne. Allah ya ƙaddara, gaskiya. Amma banki ba Allah ba ne, ana tambayar shi."

Shi ya nemo mutumin da ke riƙe da mabuɗin akwatin. Aka fito da wasiƙuna guda biyar an ɗaure da roba, ba wanda ya buɗe. Agali ya karanta mini ɗaya bayan ɗaya. Ta ƙarshen cewa take an sayar da gidan fiye da abin da ake bi na, ragowar tana nan, in zo in karɓa. Shekara biyu muna cin tuwo ba miya mai kirki, kuɗina na kwance a hannunsu, kuma duk wata suna yankar wani abu a ciki wai ladan ajiya. Sun kuma ɗora mini tara a kan wasiƙun da ban amsa ba. Na zauna a ƙasa a cikin lambun nan, na daɗe ban tashi ba.

Daga nan muka fara zarya. Laminu an mai da shi wani gari. Wanda ya gaje shi ya ce dosiyena, wato takarduna, suna Yamai, in dawo mako mai zuwa. Na dawo, aka ce shugaba ya yi tafiya. Sau goma sha huɗu na je, na ƙirga. Agali ya koya mini yadda ake yi: ka yi wanka, ka sa riga mai kyau, ka yi sallama, kada ka ɗaga murya, don ihu suke jira su ce a fitar da kai. Duk zuwa ka kai takarda kwafi biyu, su riƙe ɗaya su buga maka hatimi a ɗaya. Da kwafin suka taru muka kai kotu. Alƙali ya duba, ya tambayi wakilin banki:

"Kun san an sallami mutumin nan daga aiki?"

Ya ce sun sani.

"To me ya sa kuka ci gaba da aika masa wasiƙa can?"

Wakilin ya yi ta juya takardu. Aka ce su ba ni ragowar kuɗina, su mayar da tarar da abin da suka yanka. Gidan bai dawo ba, don wani ya riga ya saya da kuɗinsa, kuma bashin gaskiya ne ana bi na. Ba wanda ya ce mini yi haƙuri.

Ba na ce maka banki ɓarawo ne ba. Na ci kuɗinsu, na kasa biya a kan lokaci, wannan nawa ne. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Amma mai ba da bashi shi ma akwai abin da ke wuyansa: ya fahimtar da kai abin da kake sa wa hannu, ya neme ka inda ya san zai same ka, ya ba ka lissafi dalla-dalla in ya sayar da kayanka. In bai yi ba, tambayarsa ba rashin kunya ba ne, ba kuma rashin imani ba ne. Na yi asarar shekara biyu kafin in gane wannan, kada kai ka yi asarar ko mako ɗaya.

Da wannan ragowar, da adashin mahaifiyarka da awakinta, da abin da na tara ina jigila a hanyar Agadas, muka sayi gidan da ka fito daga cikinsa yau. Na ji ranar da ka ce wa ƙanwarka wai akurki ne. Ban yi fushi ba, ɗaki biyu ne na laka, ruwa ma sai mun saya wurin 'yan garuwa. Amma bari in gaya maka yadda aka saye shi. Ni da Agali mun je meri, ofishin magajin gari, aka duba littafi aka tabbatar filin na mai sayarwa ne, ba a jinginar da shi ga kowa ba. Na tambayi maƙwabta gabas da yamma, kudu da arewa. Mai unguwa ya zauna shaida. Agali ya karanta takardar da ƙarfi, layi-layi, yana juya mana da Hausa, mahaifiyarka na zaune tana tsayar da shi in ba ta gane ba. Sunana da nata ne a kai. Takardar tana cikin akwatinta, ba a hannun kowa ba. Mai sayarwar har ya gaji ya ce shi bai taɓa ganin an yi wa gidan laka wannan bincike ba, na ce masa wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu.

Yanzu ga maganar gidan bayan tasha. Ka yi tunani, kwal ɗin da za ku haƙa a Tchirozérine, da shi ake yin wutar lantarkin da ma'adinan nan namu ke aiki da ita. In nan ya yi sanyi, can ma za a ji. Igiyar da ta ɗaure ni ita ce za ta ɗaure ka, kuma ka ga yadda ta yi da ni. Mai gidan ma ka tambayi kanka me ya sa yake son sayarwa yanzu. Za ka ɗora wa albashinka nauyin shekara goma tun bai yi ƙwari ba, a kan gida a garin da kowa ke kwana da kunne ɗaya yana sauraren labarin kamfani.

Na san ba ɗaki huɗu kake nema ba. Ranar da muka tashi kana ɗauke da tabarmi a ka, maƙwabta na leƙe ta kan katanga, na ga fuskarka. So kake ka mai da ni unguwar nan da kaina a sama. Allah ya yi maka albarka a kan wannan niyya. Amma faɗuwar tawa ce, ni na yi ta, kuma na riga na tashi. Ba zan yarda ka je ka kwanta a inda na faɗi don a ce an rama mini ba. Ina gaya maka a fili don kada ka ce ban faɗa ba: in ka ci bashin nan ka sayi gidan, ba zan shiga ba, mahaifiyarka ma ta ce ba za ta shiga ba. Zan fi son in mutu a ɗakin laka da in kwana a siminti ina jin tsoron ranar da za a karanta wa matarka sunanka da nawa a bakin ƙofa.

In wata rana ka tashi yin naka gidan, kuma ka ga ba makawa sai da bashi, ka zo mu zauna da takardun, a karanta da ƙarfi kowa ya ji. Wannan daban ne.

In kuwa hannunka na ƙaiƙayi sai ka yi mana wani abu, akwai fili a bayan ɗakin mahaifiyarka. Shekaranjiya na auna shi da igiya, zai ɗauki ɗaki guda har da 'yar rumfa. Watan da ka samu sarari ka aiko da kuɗin buhun siminti ɗaya, watan da ba ka samu ba ka aiko da gaisuwa. Ni zan riƙa ɗora bulo a hankali. In ya yi shekara uku bai kai rufi ba, ba wanda zai zo ya buga mana ƙofa a kansa. Ɗakin naka ne, nan za ka sauka in ka zo hutu.

Ka riƙe salla a kan lokaci. Ka sa hular kwano ko da kowa ya cire tasa. Ka riƙa kiran mahaifiyarka ranar Juma'a, ni ba sai ka kira ni ba, za ta ba ni labari. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya raba ka da bashin da ya fi ƙarfinka, ya sa duk inda ka kwana ka kwana ba ka tsoron mai sallama. Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Na yafe maka duniya da lahira. Kai ma ka yafe mini gidan nan, ka bar shi ya tafi.

Mahaifinka,
Arlit.